Me ya tara malam-buɗe-littafi a bishiya ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka. A watan Oktoba, gab da magariba, na ga bishiyar bayan gidanmu ta cika maƙil da malam-buɗe-littafi masu ruwan lemo da ratsin baƙi. Kashegari kafin azahar babu ko ɗaya. Daga ina suke, ina kuma suka nufa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Matafiya ne suka yada zango a gidanki. Monak ake ce musu. Idan sanyi ya kunno kai sai su baro kudancin Kanada da arewacin Amurka su nausa kudu, kuma Teksas ce mashigar da ayarinsu ke haɗuwa. Da rana kaɗai suke tafiya. Rana na faɗuwa sai su sauka a bishiyar da ke kare su daga iska, su naɗe fukafukai su kwana cunkushe. Da safe ba sa iya tashi sai hantsi ya ɗumama su, shi ya sa za ki ga suna buɗe fiffike suna shan rana tukuna.

Inda suka dosa shi ne dazukan itacen oyamel a kan duwatsun jihar Michoacán da kewayenta a Meziko, wuri mai tsayin kusan mita 3,000. Suna fara isa a farkon Nuwamba, wasunsu bayan tafiyar kilomita 4,000, alhali nauyin kowane ɗaya kusan rabin giram ne kacal. Sai a 1975 masana suka gano wurin, bayan masanin ƙwari Fred Urquhart na Kanada ya shafe shekaru yana liƙa musu 'yar alama a fiffike.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, waɗanda kika gani ba su taɓa zuwa Meziko ba. Kakannin-kakanninsu ne suka baro can a watan Maris. Waɗanda aka haifa a hanya makonni kaɗan suke yi su mutu, amma na ƙarshen nan kan kai wata takwas, suna bin rana da wani agogo da Allah ya sanya musu a eriyar kai.

Tsutsarsu ba ta cin komai sai ganyen dangin tumfafiya, kuma maganin kashe ciyawa ya rage shi sosai a gonakin Amurka. Don Allah in jikokinsu sun zo baɗi kada ki girgiza reshen, kada kuma ki yi feshi a wurin.