Katin talabijin na kwamfuta ya ƙi kama tasha: ya mutu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da katin talabijin irin wanda ake sokewa a cikin kwamfuta, kuma na yi shekaru ina kallo da shi a tsohuwar kwamfutata mai Windows XP. Da na sauya zuwa wata mai Windows 10, sai na mayar da katin cikinta, amma faifan da ya zo da shi ya ƙi sanya direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta gane katin. Na samo wani direban a intanet, manhajar kallo ta buɗe, sai dai duk lokacin da na sa ta lalubo tashoshi takan kai ƙarshe ba ta samu ko ɗaya ba, alhali talabijin ɗin gidan yana kamawa da wannan eriyar. Da na jona dikoda da wayoyin nan uku masu launi, hoto ya fito amma babu sauti. Katin ne ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne ya fi komai amfani a cikin tambayarka, domin katin da ya mutu ba ya nuna hoto ta kowace ƙofa. Tunda hoton dikoda ya fito, ramin da ka soke katin lafiyarsa lau, ƙwayar da ke sarrafa hoto tana aiki, Windows kuma tana magana da ita. Saura ɓangare guda, wato ƙaramin akwatin ƙarfen nan da wayar eriya ke shiga, wanda aikinsa shi ne tsamo tasha ɗaya daga cikin siginar da ke iska. Ko dai direban da ka sanya bai san irin wannan akwatin ba, ko kuwa akwatin yana neman irin siginar da aka daina watsawa. Na fi zargin na biyun, amma mu fara kawar da na farkon.

Buɗe Device Manager, wato jerin na'urorin kwamfuta da ke cikin Windows, ka nemo katin. Idan akwai alamar gargaɗi mai launin ruwan ɗorawa a kansa, duba lambar kuskuren: 28 tana nufin ba a sanya direba ba, 10 kuma tana nufin na'urar ta kasa tashi. Tsofaffin katuna sukan fito gida biyu, ɗaya na hoto ɗaya na sauti, kuma sau da yawa na hoton ya zauna daidai a bar na sautin da alamar. Daga nan shiga shafin Details ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga lambobi bayan VEN, mai nuna kamfanin da ya ƙera ƙwayar katin, da DEV, mai nuna irin ƙwayar. Lamba 109E ta kamfanin Brooktree ce, mai ƙwayar Bt878 da ta cika katunan zamanin XP. 14F1 ta Conexant ce, 1131 kuma ta Philips. Abin lura shi ne kamfanoni da dama, irin su Hauppauge da AVerMedia da Pinnacle, sun gina katunansu a kan ƙwaya iri ɗaya, amma kowanne da akwatin kamun tashar da ya ɗora. Saboda haka direban wani katin zai iya nuna maka hoton dikoda tsaf, sannan ya kasa juya akwatin naka zuwa kowace tasha. Lambar da ke bayan SUBSYS ita ce ke bambanta kati da kati, da ita da sunan da ke rubuce a jikinsa za ka nemi direban a shafin kamfanin da ya ƙera shi. Ina roƙonka ka guji shafukan da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, domin ta nan ƙwayoyin cuta suka shiga kwamfutoci masu yawa.

Faifan kuwa ba lalacewa ya yi ba. Direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ya aiki a kan mai bit 64, kuma mai bit 64 ba ta karɓar direban da babu sa hannun dijital a kansa. Katuna da yawa na wancan zamanin kamfanoninsu ba su taɓa fitar musu da sabon direba ba.

Yanzu ga abin da na fi zargi. Yawancin katunan zamanin XP na analog ne, wato tsohon tsarin watsa talabijin, suna fahimtar nau'o'insa PAL ko SECAM ko NTSC kawai, alhali duniya ta daɗe tana barin wannan tsarin tana komawa dijital. Manyan tashoshin Amurka sun kashe analog ranar 12 ga Yuni, 2009, Birtaniya ta kammala nata a 2012, yarjejeniyar Janiba ta 2006 kuma ta sanya wa ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adi, kodayake ba kowace ƙasa ce ta cika shi a kan lokaci ba. Inda aka kashe analog, tsohon kati zai bi mitoci ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, bai ga komai ba sai yayyafi da ƙarar shuu, daidai yadda ka kwatanta. Babu direba ko manhajar da za ta gyara wannan, domin abin da ke warware siginar dijital wata ƙwaya ce ta daban da ba a ɗora a kan katin ba. Haka abin yake ko a tsakanin katunan dijital: mai DVB-T ba ya kama DVB-T2, na ATSC da aka yi domin Amurka ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, na tauraron ɗan'adam kuma, wato DVB-S, ba ya aiki da eriyar kan rufi.

Kamawar da talabijin ɗinka yake yi ba ta nuna cewa har yanzu ana watsa analog ba, domin sababbin talabijin da yawa suna ɗauke da na'urar kama dijital a cikinsu. Danna maɓallin bayani a rimot ɗinsa: idan ya nuna maka sunan tasha da sunan shirin da ake yi da ma'aunin ingancin sigina, to dijital yake kamawa. Sannan ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta gaba ɗaya, ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka taɓa katin, ka karanta takardar da ke manne a kan akwatin ƙarfen. Idan PAL ko NTSC kaɗai ka gani, ka samu amsarka.

Idan kuwa har yanzu akwai tashoshin analog a inda kake, duba saitin manhajar: ƙasar da aka zaɓa, da kuma ko an saita ta a kan eriya ne ko a kan kebul, domin jerin mitocinsu ya bambanta. Nau'in PAL ma yana da muhimmanci, saboda tazarar sauti daga hoto megahaz 5.5 ce a PAL B/G, 6 a PAL I, 6.5 a PAL D/K, kuma wanda ya zaɓi ba daidai ba zai ga hoto garau amma ya ji shuu maimakon magana. Gwaji mafi tsabta shi ne ka zare wayar eriyar daga bayan talabijin ka soke ta kai tsaye a katin. Akwatin da ke raba sigina gida biyu yana cin kusan desibel 3.5, wato kowace na'ura tana samun ƙasa da rabin ƙarfin, kuma katin da ke zaune a cikin hayaniyar lantarkin kwamfuta ya fi talabijin saurin gazawa.

Maganar sauti ita ce mafi sauƙi, kuma ina kyautata zaton za ka gyara ta yau. Waya mai ruwan ɗorawa hoto kaɗai take ɗauka, ja da fara su ne na sauti. Tsofaffin katuna da yawa ba sa tura sauti ta cikin ramin da aka soke su. Suna fitar da shi ne ta wata ƙaramar kafa a bayansu, sai a ɗauki gajeriyar waya a kai shi kafar Line In ta kwamfuta, wadda yawanci shuɗiya ce. Wannan gajeriyar wayar ce aka fi mantawa a jikin tsohuwar kwamfuta idan an yi ƙaura, don haka ka fara leƙa can. Bayan ka jona ta, shiga saitin sauti, a shafin Recording ka zaɓi Line In, ka tabbata ba a rufe bakinsa ba, ka sa alama a kan Listen to this device. Duba kuma saitin sirri na Windows 10, domin idan an hana manhajoji amfani da makirfo ko kyamara, hanin yakan shafi na'urorin ɗaukar hoto da sauti irin wannan.

Idan ta tabbata katin na analog ne, kada ka jefar da shi. Yana da sauran amfani wajen kallon dikoda a kwamfuta, da kuma kwafe tsofaffin kasakasan bidiyo kafin su lalace. Domin kama tashoshi kai tsaye kuwa sai ka nemi sabo, na ramin PCI Express ko na USB, bayan ka tabbatar da tsarin da ƙasarka ke watsawa da shi da kuma cewa kamfanin yana da direban Windows ɗinka. Ka san da cewa Microsoft ta cire Windows Media Center tun fitowar Windows 10 a 2015, saboda haka za ka dogara ne da manhajar kamfanin ko wata irin su NextPVR da VLC. Idan sabon katin ya samo sunayen tashoshi, sauti yana fita amma allo baƙi ƙirin, to manhajar ce ba ta iya warware tsarin hoton ba, H.264 ko HEVC, kuma sauya manhaja yakan wadatar. Tashoshin da ake biyan kuɗi kuwa a kulle suke, sunansu zai fito a jeri amma ba za su buɗe ba sai da dikodar kamfaninsu ko na'urar buɗewa da ya amince da ita. Idan ka karanto rubutun da ke kan akwatin ƙarfen da lambobin VEN da DEV da SUBSYS, ka aiko mini da su, zan gaya maka ko akwai direban da ya dace da katin naka.