Amsa ga mai jirgin da ke tsayawa a mahaɗar dogo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce jirgin ƙasanka na wasa, mai ɗaukar wutar lantarki daga dogo, ya yi wata biyu yana zagaya tsakar gida lafiya lau, yanzu kuma sai ya kai wani wuri ya tsaya cak, sai ka tura shi da yatsa. Ba injin ba ne. Mahaɗar dogon ce ta saki, kuma zafin ranar Maradi ne ya sake ta.

Nawa irin naka ne, dogon kamfanin LGB na tagulla mai faɗin milimita 45. Tagulla tana miƙewa da zafi, ta koma da sanyi. Idan bambancin ya kai digiri 40, kamar tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin Afrilu, dogo mai tsawon mita 10 yana ƙara kusan milimita 8. Kullum yana shiga yana fita cikin ɗan kwanon nan da ake zura wa bakin dogo biyu, har kwanon ya buɗe baki. Ƙurar hunturu ta shige, ruwan damina ya bi ta, ciki ya yi baƙi, wuta ta daina wucewa. Ni shekara guda na yi ina matse su da filaya duk Juma'a, kamar mai ɗibar ruwa da rariya.

Abin da ya raba ni da wahalar shi ne na daina dogara da kwanon wajen kai wuta. Aikinsa ya riƙe dogo a saiti. Wuta kuwa waya ce za ta tsallakar da ita. Ka yanko ƴar wayar jan ƙarfe, ka kankare gefen dogon na waje har ya yi ƙyalli, ka liƙa ta da dalma a wannan ɓangare da wancan, ka bar mata ɗan lanƙwasa don ta samu wurin miƙewa. Ƙaramin ƙarfen dalma na masu gyaran salula ba zai yi ba, tagulla tana shanye zafinsa. Nemi babba, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan robar da ke ƙarƙashi, in ba haka ba ta narke. Na ƙona guda huɗu kafin na koyi wannan.

Akwai mahaɗa masu kusoshi da ake ɗaurewa, irin na kamfanin Massoth, suna da kyau, sai dai sai an yi odarsu daga waje. Na sa su ne kawai a wurin canjin layi, inda nake cirewa in share yashi.

Lokacin shimfiɗa ma a kula. In da sanyin safiya ka haɗa, bar giɓin da katin banki zai shiga. In da tsakar rana ne, haɗa bakin su taɓa juna. Kada kuma ka kafe dogon da ƙusa ko'ina, bar shi ya kwanta a kan tsakuwa, kwana-kwanar su shanye miƙewar.

Don gano wadda ta lalace, bar jirgin yana gudu, ka ɗora wayoyin mitar auna wuta a gefe biyu na kowace mahaɗa. Inda ta nuna wuta, nan ne. Wani lokaci ma yatsa ya isa, za ka ji wurin da ɗumi. Tawa ta ƙarshe a bakin ƙofar awaki na same ta, inda suke takawa kullum in za su fita kiwo.