Tambayi Likita: Idan Ƙarfe Ya Ci Ɗan Wasa

Kaka ta yi, an kai dawa rumbu, gangi ya fara tashi a ƙauyuka. Duk shekara a irin wannan lokaci saƙonnin yanka suke yi mini yawa, daga 'yan tauri, da masu gwajin takobi, da iyayensu. Ga huɗu daga ciki.

Likita, ɗana mai shekara 19 ya shiga 'yan tauri. Wajen wasa adda ta yanke shi a damtse, ya ɓoye mini har kwana shida. Abokansa ne suka cusa masa toka da garin magani, suka ɗaure da tsumma. Yanzu wurin ya kumbura yana wari, kuma ya ce bakinsa na yi masa nauyin buɗewa. Wata uwa daga yankin Ringim.

Hajiya, na amsa miki tun ranar da saƙonki ya iso cewa a kai shi babban asibiti a ranar, kada a tsaya kemis. Ina maimaitawa a nan saboda sauran iyaye.

Kumburi da wari alamar gyambo ya kamu ne, wannan ana wanke shi a ba da magani. Nauyin bakin nan shi ya tayar mini da hankali, domin da shi cutar tetanos take sallama. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ta. Ba tsatsa ba ce, ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ba ta son iska. Rauni mai zurfi da aka cushe da toka aka ɗaure tam, ɗaki ne aka share mata. Dafinta ke bin jijiyoyi, alamu su bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Muƙamuƙi ya fara kullewa, wuya ya sandare, daga nan jiki duka.

Ba na mantawa da wani saurayi da na taɓa jinya, ƙato, manomi. Mun kwantar da shi a ɗaki mai duhu, muna tafiya da sanɗa, don ko ƙofa aka buga sai bayansa ya lanƙwashe kamar baka, haƙora a cije, gumi na zuba, alhali yana cikin hayyacinsa yana jin komai. Yankan da ya jawo masa haka bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ɓoye shi ne don kada a ce maganinsa ya karye. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma sai da ya yi makonni a kwance.

Mata suna samun allurar tetanos wajen awon ciki. Maza kuwa, da yawa rabonsu da ita tun ta jarirai, in ma an yi musu. Duk mai wasa da ƙarfe ya je a yi masa, a cika masa adadin, sannan ya riƙa sabuntawa duk shekara 10. In rauni ya yi datti kuma allurar ƙarshe ta haura shekara 5, a sake. Wanda ma ya yi cutar ya warke sai an yi masa, don ba ta barin kariya.

Kuma Hajiya, kada ki yi masa faɗa yanzu. Kunya ce ta sa ya yi shiru, faɗa zai ƙara rufe masa baki nan gaba.

Muna koyon wasan takobi a bayan gari. In aka samu yanka jini na zuba, me za mu fara yi? Wasu sun ce a ɗaure da robar tayar keke. Wani matashi daga Sumaila.

Ɗan'uwa, hannunka shi ne maganin farko. Ka samu ƙyalle mai tsabta, ko rigarka ce, ka danne bakin raunin da ƙarfi minti 10 cur, ba ɗagawa ana leƙawa. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kai, kada ka cire na farko. A kwantar da mai raunin, a ɗaga hannun ko ƙafar sama.

In jini na tsartuwa yana bin bugun zuciya, babbar jijiyar jini ce ta yanke. Jinin babban mutum duka bai wuce kimanin lita 5 ba, jijiyar jini ta cinya kuwa in ta yanke tana iya zubar da mutum cikin mintuna. In dannewa ta kasa, a ɗauki rawani ko ɗankwali mai faɗi a ɗaure sama da raunin da kamar yatsu uku, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya. A duba agogo a riƙe lokacin, a faɗa wa likita, kuma kada a kwance a hanya. Siririyar roba da waya suna cin nama su lalata jijiya.

In tsinin wuƙa ya soki ciki ko ƙirji ya kuma maƙale, a bar shi a wurin, a tallafe shi da tsumma, a nemi mota. Baƙin mai, toka, ƙasa, kashin shanu, ko ɗaya kada ya taɓa rauni. Ƙaramin yanka ruwa mai tsabta da sabulu sun ishe shi. Mai buɗaɗɗen baki yana son ɗinki, kuma a yi ƙoƙari a isa cikin awa 6 zuwa 8.

Shawarata, ku yi gwajinku da takobin itace. Ƙwarewar ɗaya ce.

Na cafke kaifin wuƙa da tafin hannu wata biyu da suka wuce. Ciwon ya warke, amma yatsuna biyu sun ƙi lanƙwasuwa, ba na iya riƙe fartanya sosai. Daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu.

Malam, fata ce ta warke, na ciki bai warke ba. Kowane yatsa yana da jijiya kamar igiya da ke jan sa daga tsokar hannu. In ta tsinke, bakin nan biyu sai su ja da baya, ba sa haɗuwa da kansu, ko an shekara ana gashi da man zafi. An fi samun nasarar ɗinke ta cikin kwanakin farko zuwa mako biyu. Wata biyu an makara da aikin mai sauƙi, amma ba a rasa dabara ba, akwai aikin da ake yi na dasa wata jijiyar. Ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka sa a ranka bayan aiki akwai watannin motsa hannu. Hannun manomi ne, ya cancanci wannan wahalar, kada ka ƙara jinkiri.

Wuƙa ɗaya muke karɓa-karɓa wajen wasa, wani lokaci da ɗan jini a jikinta. Akwai matsala? Daga Gwarzo.

Akwai. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma ƙwayarsa tana iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai. Goge wuƙa a gefen wando ba ya kashe ta. Ku je a gwada ku, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku ce cikin wata 6. Ƙanjamau ma ta jini take bi. In wuƙa mai ɗanyen jinin wani ta yanke ka, akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28, amma sai an fara shi kafin awa 72 ta cika.