Amsa kan zuwa tsaunukan Simien na Habasha

Ɗan'uwa, ka tambaya yaushe ya fi dacewa a je gandun dajin Simien, kuma ko da gaske ana ganin namun daji. Ka je tsakanin Oktoba da Maris, bayan damina ta ɗauke. A watan Yuli da Agusta hazo ne zai rufe maka komai.

Daga birnin Gondar za ka kama hanyar garin Debark, kusan kilomita 100. A can ofishin gandun yake, kuma dole a haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga. Amma ka fara bincika halin tsaro, don yankin Amhara, inda gandun yake, yana fama da rikici tun 2023.

Birin gelada kam sai ka gaji da ganinsa. Ni har zama na yi a tsakiyar garkensu kusa da sansanin Sankaber, ko kallo ban ishe su ba. Suna zaune dirshan suna tsinkar ciyawa da yatsu suna kaiwa baki, ga jan tabo a ƙirjin kowanne. Akuyar dutse da ake kira walia, wadda babu ita ko'ina a duniya sai nan, a sansanin Chennek aka fi dacewa da ita, da sassafe. Kyarkecin Habasha kuwa sai mai rabo.

Kada ka raina sanyin wurin, da asuba ruwa har ƙanƙara yake zama. Ƙololuwar Ras Dashen, tsauni mafi tsawo a Simien, ta haura mita 4,500, iska ba ta da yawa a sama, saboda haka ka hau a hankali, kana shan ruwa.