Amsa ga mai tambaya kan raguwar zakunan Yankari

Malam, ka yi tambaya cewa tunda masu farautar sata ba zaki suke nema ba, ɓauna da gwanki da mugun dawa suke bi, me ya sa zakuna ke ƙarewa a Yankari?

Ai abin da ka lissafa shi ne tuwon zakin. Duk ɓaunar da aka harbe aka kai namanta kasuwa, daga bakinsa aka cire ta. Idan dawa ta yi ƙarancin nama, yunwa kan kora shi bakin daji inda shanun makiyaya ke kiwo, kuma saniya ta fi ɓauna sauƙin kamu nesa ba kusa ba. Wanda aka kashe wa saniya kuwa, sau da yawa guba yake zubawa a mushen. Zaki ya dawo ya ci ya mutu, kura ta ci, ungulaye su sauko su ma su zube. Wannan ɓangaren ne ya fi ci mini rai, domin mushe guda kan hallaka rayuka da dama.

Ga kuma tarkon waya, wanda bai san gwanki ba bai san zaki ba.

Raguwar kuma ba a Yankari kaɗai take ba. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne, mafi yawansu a dazukan W, Arly da Pendjari, tsakanin Nijar, Burkina Faso da Benin. A Gana kuma, inda zaki da damisa suka yi ƙaranci, gwaggon biri ya yawaita har yana addabar gonakin mutane.