Ina karatu a Ingila, ina yi wa mutanen waje aiki ta intanet: ko na saɓa doka?

Wani ɗan'uwa da ke digiri na biyu a Ingila ya rubuto cewa tun yana gida yake zana wa kamfanoni tambari ta Upwork, wani shafin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, kuma bai daina ba. Masu ba shi aikin suna Dubai da Legas, kuɗin kuma asusunsa na Najeriya suke shiga. Tambayarsa ita ce, tunda ba ɗan Birtaniya ke biyansa ba, ina ruwan hukuma?

Ɗan'uwa, da ruwanta. Doka tana duba inda kake zaune lokacin da kake aikin ne, ko a ina mai biyan yake, ko a wane banki kuɗin suka sauka. Muddin kana ɗakinka a Birtaniya da kwamfuta a cinya, a Birtaniya ka yi aikin. Bizar ɗalibi kuwa ta haramta sana'ar kai gaba ɗaya. Awa 20 a mako da aka yarje maka lokacin karatu na aikin albashi ne, inda wani ya ɗauke ka, yana cire haraji kafin kuɗi su iso hannunka. Aikin kai ko na awa ɗaya bai halatta ba. Kai abinci da keke a Deliveroo ko Uber Eats ma haka yake, domin masu yinsa a matsayin masu zaman kansu suke, kuma yaranmu da yawa sun faɗa wannan rami.

Na san abin da ke tura ka. Ga kuɗin haya, ga Hajiya na jiran na cefane, ga ƙanne a makaranta. Amma in asiri ya tonu ana iya soke bizar, miliyoyin da aka haɗa maka, wataƙila har da kuɗin gona, su bi ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardar sabunta biza: wanda aka kama ya yi ƙarya a cikinta ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Ka dakatar da aikin yau. Idan kana da ƙane mai hannu a gida, ka miƙa masa kwastomomin, ya yi aikin da kansa, ya ci kuɗinsa. Kada ka ari sunansa ka ci gaba ta bayan fage. Game da wanda ka riga ka yi, ka nemi lauyan shige da fice mai rajista kafin ka cike kowace takarda. Ƙungiyar UKCISA ma tana ba ɗaliban ƙasashen waje shawara.

Idan ka kammala, bizar masu gama karatu ta yarda da sana'ar kai. Shekara 2 ce, amma za ta koma wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairu 2027. A lokacin sai ka yi rajista da hukumar haraji ta HMRC da zarar abin da ka samu a shekara ya haura fam 1,000.