Amsa ga 'yar'uwar da ta kasa shiga lambun mamanta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Na ga tambayarki, kin ce mamanku nas ce, kansa ta yi ajalinta, ga lambun da ta bari yana bushewa kin kasa ko leƙa shi, kuma duk sanda kika tuna ta fuskarta ta kwanakin ƙarshe ce kawai ke zuwa miki, ya za ki yi. Wallahi kamar a gidanmu kika zauna kika rubuta. Ummanmu ma nas ce, a ɗakin haihuwa ta fi daɗewa, kuma ita ma mayyar shuka ce, ko tsohon bokiti ta gani sai ta huda gindinsa ta zuba ƙasa.

Tata kansar ma'ajiyar ƙwan haihuwa ce. Ta fara da kumburin ciki, ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi, ga yawan fitsari ga mara na ciwo, wani likita da ba zan kira sunansa ba ya yi ta ce mata olsa ce, iska ce, ai shekarun tsayawar al'ada ne, wata da watanni yana rubuta mata maganin olsa, mace mai hankalinta da ta ƙare rayuwarta a asibiti tana ce masa jikina ba daidai yake ba yana mata dariya wai ku nas-nas kun cika tsoro. Ita da bakinta ta nemi a yi mata sikanin da gwajin jini na CA-125, kafin nan abin ya kai mataki na 3. Har yau in na tuna dariyar nan ƙirjina zafi yake. Na san an ce a yafe, ina dai ƙoƙari.

Aka yi tiyata, aka shiga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ana ba ta carboplatin da paclitaxel duk sati 3 har zagaye 6. Zubewar gashi ba ta dame ta ba ko kaɗan, abin da ya karya ta yatsunta ne. Maganin yana taɓa jijiyoyi, yatsu su yi ta mutuwa suna tsira-tsira, matar da ake tasowa cikin dare don ta samo jijiyar jariri in kowa ya kasa, ta dawo ba ta iya tsintar irin tumatir a tafin hannunta. Da ciwon ya dawo ciki ya riƙa tara ruwa ana zuƙewa yana sake taruwa, ranar da aka kawo sakamakon ƙarshe mun haɗa baki da yayana mu ɓoye mata, ta miƙo hannu ta ce ba ni fayil ɗin nan. Ta karanta tsaf, shafi bayan shafi, ta rufe, sannan ita ce ta koma tana lallashina. Ba ka iya yi wa nas ƙarya a kan gadon asibiti 'yar'uwa, ta san ma'anar kowace lamba, ta san me ake nufi in an daina zancen warkewa an koma zancen rage raɗaɗi.

Sai kuma wata ƙanwar babanmu, ana zaune cikin mutane bayan rasuwar ta ce wai ita da take aikin asibiti ta zauna ciwo ya cinye ta. In an faɗa miki irin wannan, kuma za a faɗa, kar ki ɗauka. Wannan kansar ba ta da wani gwajin tantancewa mai inganci da ake yi wa masu lafiya, gwajin Pap ma na bakin mahaifa ne, ba ya ganinta, shi ya sa yawancin mata sai ta yi nisa ake ganowa. Ita ƙanwar baban namu ko sannu ba ta zo yi ba a duk jinyar, sai saƙon wani jiƙo da ta aiko wai a bar kemo a sha.

Maganar fuskar ƙarshe da ke zuwa miki, ni abin da ya taimake ni abokan aikinta ne. Ki nemi abokan aikin mamanku, su suka san matar da ku ba ku sani ba. Wata ta ba ni labarin yadda Umma ke zagayawa da fitilar waya tana duba masu jego in wuta ta ɗauke, wata ta ce ita ta koya mata sa allurar ruwa, ta yi ta kwaikwayon faɗanta har muka yi dariya da hawaye. Ki kunna rikodin a waya in sun yarda. Da kaɗan-kaɗan waɗannan labaran suke ture na asibitin, ba duka ba gaskiya, amma suna turewa. Kuma dan Allah saƙonnin muryarta na WhatsApp ki kwafe su wani wuri yau-yau, waya ba ta da tabbas.

Lambun kuwa kar ki ce sai kin raya shi gaba ɗaya, ba za ki iya ba, haushin kanki za ki ji. In ƙafarki ta ƙi shiga ki sa wani ya riƙa ba da ruwa tukuna. Ki fara da iri, duk wanda ya bushe a jikin shuka ki tara a ambulan na takarda, ba leda ba don leda na riƙe danshi ya yi fumfuna, ki rubuta suna da shekara. Irin albasa da wuya ya wuce shekara 1 da ƙarfinsa, na tumatir yana kai shekara 4 in wuri ya bushe kuma da sanyi. In akwai furen rose ki yanki reshe kamar tsawon taƙi daga ƙasan gaɓa, ki cire ganyen ƙasa, ki dasa a ƙasa mai laima a inuwa, cikin sati 4 zuwa 8 yake yin saiwa, wasu za su mutu, ki yanka da yawa. Na'a-na'a kuwa ko ba ki so sai ta rayu. Ni da 'yan'uwana kowa ya ɗauki tukunya ɗaya, shi ke nan, sauran muka bari.

Ba ki faɗi wace irin kansa ce ta mamanku ba, amma in ta nono ce ko irin ta Ummanmu ki yi wa likita maganar gwajin BRCA1 da BRCA2, don in uwa na ɗauke da wannan canjin a ƙwayar halitta kowane ɗa, mace ko namiji, yana da kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Ku masu jinyar wani kuma tunda na fara, wanda ke kan kemo in zafin jikinsa ya kai 38 a tafi asibiti a take ko tsakar dare ne, kar a tsaya ba shi farasitamol, in zai taɓa ƙasa ya sa safar hannu don garkuwar jiki na yin ƙasa sosai. Kuma ku daina hana su mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, saboda tsoro, a ba su yadda likita ya rubuta, a haɗa da maganin taurin bayan gida.

Ki sa a ɗauko miki hoton lambun ki turo min, zan gaya miki waɗanda ke da sauran rai da waɗanda za ki haƙura da su.